Ranar da Tsumma Ya Ƙi Bushewa

Auta magini ne, kuma maganar gaskiya ya iya aikinsa. Abin da bai iya ba shi ne riƙe bakinsa, balle in yayansa ne a waya. Su biyu kacal Inna ta haifa suka tsaya, shekara goma sha ɗaya tsakaninsu, amma ba a taɓa jin ɗaya ya ce fari ɗayan bai ce baƙi ba. Yaya ya yi karatu mai zurfi ya tafi babban birni, ya samu aikin ofis da mota da ƙaton tumbi, ya koma yi wa mutane magana ta hanci. Auta ya tsaya a gidan da ubansu ya bari, shi da matarsa da Inna, da tulin yumɓu a bayan gida.

Inna kuwa zuciyarta ta gaji. Likita bai ɓoye musu ba: ta sha magani a kan lokaci, ta rage gishiri, kuma a raba ta da zafi, don zafi ne zai kayar da ita. Ga shi ɗakinta yamma ya fuskanta, rana na gasa bangon tun daga tsaka har ta faɗi, wutar lantarkin unguwar kuma sai ranar da ta ga dama. Aka ce ta koma wajen Yaya, can hawa na huɗu, inda akwai na'urar sanyaya ɗaki da janareta. Ta ce a kai kasuwa. A ɗakin nan ta haife su, a nan mijinta ya cika, ga ƙusar da yake rataye hularsa nan a bayan ƙofa ba a cire ba. Ba wanda zai ɗora ta saman bene ta zauna tana kallon rufin gidajen mutane. In aka matsa mata sai ta juya fuska bango ta daina cin abinci, kuma duk gidan sun san ba barazana take yi ba.

Sai Auta ya yi abin da hannunsa ya sani. Ya cuɗa yumɓu da garin katako, ya buga bulo, ya gasa. Wuta ta cinye garin katakon ta bar ƙananan ramuka a jikin bulon, ka ɗauka ka ji shi sakayau, ka zuba masa ruwa ya shanye kamar soso. Ya fasa rabin bangon yamma na ɗakin Inna, ya jera bulon yana barin 'yar kafa tsakanin kowane biyu, ba yaɓe ba fenti, ya sa raga ta ciki saboda sauro. A sama ya shimfiɗa bututun da ya huhhuda da ƙusa, ya haɗa shi da duro a kan wani dogon dakali. In ya buɗe famfo ruwa ya riƙa ɗiga, bulo ya jiƙe, iska ta ratso ta kafofin ta shigo ɗaki da sanyinta. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa ya san dabarar: jikinta ne ke gumi, iska ta lashe gumin, sanyi ya kama ciki. Shekara biyu Inna na barcin rana har da minshari, maƙwabta na fakewa da gaisuwa su shigo su sha sanyi.

Amma bangon yana da sharaɗi, kuma ba wanda ya san shi kamar wanda ya gina shi. Sai iska tana bushe, kuma tana kaɗawa. Ranar da gari ya yi danshi, iska ta ƙoshi da ruwa ta kwanta, ba abin da za ta ɗauka daga jikin bulo. Ruwan zai zauna ne kawai, rana ta dafa shi, ya riƙa hura wa ɗaki turiri. Shi ya sa Auta ya kafa ƙusa ta waje a gefen bangon, ya ajiye wani tsumma da ya yago daga tsohuwar singiletinsa. Kullum in ya dawo cin abincin rana sai ya tsoma tsumman a ruwa, ya matse, ya rataye, ya je ya ci. In ya wanke hannu ya tarar ya bushe, sai ya buɗe famfo. In da sauran laima, ranar ba ruwa. Shi da matarsa za su kinkimo gadon Inna su kawo lungun da ke tsakanin ƙofar gida da ƙofar baya, a buɗe duka biyun, a yi ta yi mata fifita ana goga mata ruwa a wuya har la'asar ta yi sanyi. Irin waɗannan ranaku ba su da yawa, 'yan makonni ne gab da saukar damina. Inna takan yi mita ta ce an mai da ita kayan shanya, amma ba ta taɓa ƙi ba.

To, bakin Auta ne ya jawo musu. Wata rana Yaya ya bugo waya, ya gama tambayar magungunan Inna ɗaya bayan ɗaya kamar mai tuhumar ɓarawo, sannan ya ce wai har yanzu da wannan wasan ƙasar ake riƙe da ran tsohuwa? Wasan ƙasa. Kalmar ta soki Auta har ƙashi. Mutumin da ke leƙowa sau biyu a shekara da ledar lemo, wanda bai taɓa wanke wa uwarsa zani ba, bai san ma da wane gefe take kwanciya ba, shi ne zai kira gwanintar shekara ashirin wasan ƙasa? Auta ya miƙe tsaye a tsakar gida ya ɗaga murya har maƙwabta na ji. Ya ce bangonsa ya fi injin Yaya sau goma, ba ya jiran wuta, ba ya jiran mai. Ya ce ya zo duk ranar da ya ga dama, kowace rana ce, kada ma ya sanar.

Matarsa na tsugune tana wanke-wanke. Da ta ji "kowace rana" ta ɗago ta dube shi, ya kau da kai.

Yaya ya ce ya ji. Zai zo ya zauna a ɗakin awa biyu, in ya yi gumi Inna za ta bi shi, ko da za ta yi wata ba ta ci abinci ba. Auta ya ce ya yarda. Aka kai wa Inna wayar don ta ji da kunnenta, ana zaton za ta yi tsalle ta dire kamar yadda ta saba. Sai ta ce ta gaji da rigimarsu su biyun, ta yarda, don ita ta san bangon Autanta. Da wannan maganar ta ɗaure kanta, shi ma ta ɗaure shi.

Yaya bai sanar ba sai da ya kamo hanya, ranar wata Asabar. Kuma da maƙiyi aka ba zaɓi, ranar zai zaɓa. Da asuba an yi wani ɗan yayyafi na rainin wayo, bai jiƙa ƙasa ba sai dai ya tayar da zafinta. Gajimare ya lulluɓe gari, ya ƙi zubar da ruwa ya ƙi wucewa. Ganyen bishiyar ƙofar gida ko motsi. Gishiri ya dunƙule a gwangwani, ashana sai da matar Auta ta ƙyasta huɗu kafin ɗaya ta kama, wankin jiya yana nan a igiya da laimarsa. Mutum na zaune bai yi aikin komai ba riga ta manne masa a baya.

Auta bai je aiki ba. Tun da hantsi ya rataye tsumma, ya zaga ya dawo, yana nan jagab. Ya ce ai bai matse da kyau ba ne. Ya sake murɗe shi har jijiyoyin hannunsa suka tashi, ya rataye, ya ci abinci a tsaye, ya dawo. Kamar yanzu aka tsamo shi. Ya zagi tsumman, ya harari sama, ya zagi wanda ya ƙirƙiro waya.

A nan matarsa ta same shi. Ta ce a fitar da gadon tun kafin rana ta juyo, in Yaya ya iso a faɗa masa gaskiya, yau ba ranar bango ba ce, ya kwana biyu ya gani da idonsa. Auta ya ce wato Yaya ya sauko daga mota ya yi tuntuɓe da uwarsa a lungu, kamar buhun da aka rasa inda za a ajiye? Ya samu abin da yake so ke nan. Zai yi ta ba da labarin har ga jikokinsa.

"Ka fi kowa sanin abin da zai faru," in ji ta.

"Ke kika gina shi?"

Ya cire tsumman ya cusa a aljihun wandonsa, ya buɗe famfo har ƙarshe.

Da wani ne can da bai san kan abin ba, da sai a yi masa uzuri. Amma wannan shi ya cuɗa yumɓun da hannunsa, shi ya ƙirƙiro gwajin tsumman, shi ya taɓa yi wa matarsa faɗa kaca-kaca don ta buɗe famfo ranar da ake hadari. Girman kai ne zalla, da wani banzan fata wai ko iska za ta taso kafin ƙarfe biyu.

Yaya ya iso ɗaya da rabi, cikin farar riga, yana ƙamshin turare, da ledar lemonsa. Ya durƙusa ya gai da Inna, ya miƙa wa Auta 'yan yatsu, ya jawo kujera tsakiyar ɗaki ya zauna, ya cire agogo ya ɗora a gwiwa. Ko kallon bangon bai yi ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Rana ta juyo yamma tana dukan bulon ta bayan gajimare. Ruwa na gangarowa, ya cika kafofi, ya malalo ƙasa ya yi kwata a gindin bango. Ɗakin ya fara warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, iskar cikinsa ta yi nauyi kamar ta banɗaki bayan an yi wanka da ruwan zafi.

Ba a yi minti ashirin ba gumi ya tsattsafo a goshin Yaya. Bai goge ba, da gangan. Ya bar shi ya gangaro ta gefen kunne ya ɗiga a wuyan riga, yana duban ƙanensa. Auta ya fita kamar zai tashi sama. Duro ya yi rabi, ya ɗauki bokiti ya cika shi, ya kuma watsa wa bangon bokiti uku daga waje, sai ka ce yawan ruwa ne zai kirawo iska. Matarsa na tsaye a bakin kicin da mafici a hannu tana shirin shiga, ya watsa mata harara ta fasa. A wurinsa fifita a gaban Yaya amsa laifi ne.

Da ya koma ciki sai ya ji Inna na cewa a miƙo mata mayafinta mai kauri, wai sanyi ya fara damunta.

Yaya ya ce wane irin sanyi kuma, Inna? Ta ce shi da ya saba da inji ba zai gane ba, ita tsohuwa ce, sanyin bangon nan har ƙashi yake shigar mata. Auta da kansa ya ɗauko mayafin daga kan akwati. Da kansa ya lulluɓa mata har wuya. Ya ji fatar hannunta zafi zau kamar murfin tukunya, ya gani sarai ƙirjinta na hawa da sauka da sauri. Kuma duk da haka, Allah wadai, wani daɗi ya ratsa shi, ya juyo ya dubi Yaya da murmushi ya ce to ga mai ɗaki ta yi magana.

Ta yi ƙoƙari, baiwar Allah. Ta tambayi Yaya iyalinsa, ta tambayi hanya, ta ba da labarin maƙwabciyar da ta zo shan sanyi har barci ya kwashe ta a kujera. Maganar na yankewa a tsakiya, ta jawo numfashi ta ɗora. Can ta fara wani labarin ta rasa ƙarshensa, ta kira Yaya da sunan ubansu, kanta ya langaɓe gefe.

Yaya ne ya fizge mayafin. Zanen gadon ya jiƙe sharkaf. Suka ɗauke ta su biyu, karo na farko da suka kama abu ɗaya tare tun rasuwar ubansu, suka sa ta a mota. Matar Auta ta shiga baya ta tallafe mata kai, tana yi mata fifita da maficin da aka hana ta shiga da shi.

An yi sa'a. A asibiti aka sa mata iska ta hanci, aka yi mata allurai, numfashin ya daidaita. Likita ya ce da an ƙara rabin awa da wani labarin ake yi, ya kuma tambayi wanda ya lulluɓe mai ciwon zuciya da mayafi a irin wannan rana.

Washegari da hantsi ta farfaɗo sosai. Yaya ya cika ya yi fam tun jiya, sai a gefen gadonta ya samu wurin fashewa. Ya ce tun farko ya faɗa, tulin ƙasa ne da bututu, ba ya sanyaya komai kuma bai taɓa sanyaya komai ba, jahilci ne kawai ya kusa kashe musu uwa. Auta ya sunkuyar da kai ya haɗiye. Tunda yake bai taɓa jin daɗin a kira shi jahili ba sai ranar, don ya ga wurin ɓuya a cikin kalmar. A bar shi a jahilin.

Inna ce ta ƙi. Ba za ta kwanta tana ji a zagi aikin Autanta ba. Ta ɗaga hannun da aka manna wa allura, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kada ka zagi bangon, ba shi da laifi. Tsumman ne bai bushe ba. Ina kallo ta raga."

"Wane tsumma?" in ji Yaya.

Ya dubi Auta, Auta na duban ƙasa. Ya juya ga matar Auta, ita kuwa ba ta iya ƙarya ba ko da wasa. Ta faɗa masa duka, da ƙusar, da singiletin, da lungun, da ranakun da ba a buɗe famfo, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi. Tsumman na aljihun Auta har lokacin, yana jin laimarsa a cinya. Ya jira tsawa, ya ma shirya amsa, don faɗa shi ne abin da ya iya yi da Yaya. Tsawar ba ta zo ba. Yaya ya dube shi, ya yi magana a hankali.

"Ashe ka sani."

Ya fita ya je wajen likita.

Daga asibiti Yaya ya wuce da ita, ko ta gida ba su biyo ba. Inna ba ta yi gardama ba. Da bakinta ta yi alkawari, kuma ba ta da sauran ƙarfin rigima. Da za a rufe ƙofar mota ta kama hannun Auta ta ce ya aiko mata da akwatinta da kofin shan maganinta, ya kuma zaro ƙusar nan ta bayan ƙofa ya haɗa mata. Ya ce haba Inna, kwana nawa ne za ta dawo, a bar ƙusar inda take. Ta ce ya dai zaro.

Kwana huɗu bayan nan gajimaren ya watse, bai zubar da ko ɗigo ba. Iska ta taso a bushe, wanki na bushewa kafin a gama shanya, gishiri ya warware a gwangwani. Auta ya dawo cin abincin rana, hannunsa ya tsoma tsumma ya rataye kafin kansa ya tuna ba kowa a ɗakin. Bai kai rabin kwano ba ya leƙa, tsumman ya bushe ƙamas. Don tsabar haushi ya buɗe famfo, ya ɗauki filaya ya shiga.

Kafin ya gama haɗa akwatin ɗakin ya ɗauki sanyi, irin sanyin da yake cika baki da shi a waya, iska na ratso bulo tana kaɗa labule. Katifa na jingine a bango, kujerar da Yaya ya zauna tana nan a tsakiya ba wanda ya kawar. Ya tsaya ransa na tafasa. Yau da ba a buƙatarta, ga 'yar banzar iska har da wasa da labule. Ya nemi wanda zai zaga ya rasa, don kowa ya lissafo sai ya tarar ba shi ya buɗe famfon ba. Ya damƙi ƙusar da filaya ya murɗa da ƙarfi, ta fito da ɓarin siminti, ta bar rami a bayan ƙofa.

Ƙusar na hannunsa waya ta yi ƙara. Matar Yaya ce. Ta ce an ba Inna ɗaki mai kyau, na'ura na aiki dare da rana, amma ta juya fuska bango, kwana uku ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai ruwan shayi. Yaya ya yi lallashi ya yi faɗa, ko kallonsa ba ta yi. Yanzu dai ta ce a kira mata Auta. Ya ji ana gyara wayar a kunnenta, ya ji numfashinta, da ƙugin na'urar a bayansa. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ta riga shi.

"Auta, yau ya bushe?"

"Ya bushe, Inna."

"To, madalla."

Ya yi ta kiran Inna, Inna, sai matar Yaya ce ta amsa ta ce Inna ta mayar da fuskarta bango.

Matar Auta ta leƙo daga ƙofa, ta dube shi, ta dubi ruwan da ke ɗiga a jikin bulo. Ta ce in ya gama ya rufe famfo, duro ya kusa ƙarewa kuma ba wanda ake sanyaya wa. Ya fita ya rufe. Ya zare tsumman daga ƙusar waje, ya naɗe ƙusar ubansa a ciki, ya sa a akwatin a gefen kofin magani.